Me ya sa mai binciken ciwon zuciya ke bin masu lafiya?

Tun da sanarwar horon bincike kan cututtukan zuciya ta fara yawo a WhatsApp, tambaya ɗaya matasan Gombe ke ta aiko mana: "In na samu, tiyatar zuciya zan koya?" A'a, babu wuƙa a wannan aikin.

Hanyar shiga ba ta da wuyar ganewa. Likita ne ko mai digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, ya nema, a haɗa shi da malamin da zai riƙe hannunsa, ya koyi ƙididdiga, kwamitin ɗa'a ya amince da bincikensa. To, mu wuce.

Ga inda ake rikicewa. Ku dubi wannan baiwar Allah mai binciken ciwon zuciya a Jekadafari, tana ɗaura wa mai shayi abin awon jini a damtse. Garau yake, har dariya yake yi: "Hajiya, ni fa lafiyata ƙalau." Ai shi ɗin take nema. Wanda aka kwantar a asibiti ɓarin jikinsa ya shanye, ƙarshen labari ya zo da shi. Ita farkon take so. Gishiri da dunƙule nawa ke shiga tukunyar gidansa? Yana shan taba? Iyayensa sun yi hawan jini? Ta rubuta yau, ta dawo baɗi, ta sake dawowa, har a ga wa ciwon ya kama, wa ya tsallake.

Haka aka yi a garin Framingham na Amurka. A 1948 aka ɗauki mutum 5,209 ana bibiyarsu, kuma binciken ya nuna wa duniya cewa hawan jini da taba da kitsen jini ne ke share wa ciwon zuciya hanya. Amma tuwo da miyar kuka ba cimarsu ba ce. Ni a ganina, dole mu samu 'ya'yanmu da za su ƙirga namu da kansu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kusan mutum miliyan 17.9 a 2019.

Mu koma wurin mai shayin, ku dubi allon na'urar awon jinin. Ya haura 140 bisa 90, iyakar da ake fara zargin hawan jini. Mai binciken ba za ta yanke hukunci da awo ɗaya ba. "Malam, zan dawo ranar Laraba mu sake gwadawa. In bai sauka ba, sai asibiti."