Abin da Ke Faruwa Bayan Minti Arba'in: Lacca Kan Doguwar Tafiya a Karkara da Iyali da Kare

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan tafiyar ƙasa, sai ga shi ku an zaunar da ku a kan kujeru, ni kuma an kafe ni wuri guda gaban lasifika. To, haka za mu lallaɓa.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ranar da na fara fitar da iyalina doguwar tafiya a karkara, shirin soja na yi. Na auna kilomita 12 a taswira, na tashe su da sassafe, na shige gaba ina ta sauri kamar mai bin bashi. Ba mu yi minti 20 ba autarmu ta ce ƙafarta na ciwo. Babban ɗana ya ɗaga waya sama, ya juya gabas ya juya yamma, ya ce, "Baba, nan fa babu sabis." Uwargida kuwa ta yi shiru, irin shirun nan da kowane magidanci ya san fassararsa. A cikinmu duka kare ne kaɗai yake murna.

Har na yanke shawarar mu juya. Sai karen ya cusa kai cikin wani kurmi a gefen hanya, tsuntsaye suka tashi fir a lokaci guda, autar ta yi ihu ta bi su da gudu, da ƙafar nan mai ciwo. Yayanta ya sa wayar a aljihu ya bi ta. Da na duba agogo, mun yi wajen minti 40 da fitowa. Tun daga ranar nake lura, kusan duk fitar da muka yi haka take: rabin awar farko ta ƙorafi ce, daɗin yana can gaba. Wannan lissafina ne na uba, kada wani ya je ya ce likita ne ya faɗa. Amma shi ne dalilin da ya sa nake cewa doguwar tafiya, ban ce zagayen layi ba. Mafi yawan masu cewa tafiya ba ta da daɗi, a minti na 30 suka juya.

Batun jiki ba zan daɗe a kansa ba, domin kun sha ji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuma kimanin minti 60 a kullum. Tafiyar awa uku ranar hutu ta biya wa babba mafi ƙarancin abin da ake nema. Ku taɓa sharaɓarku. Wannan tsokar, duk takun da kuka yi tana matse jijiyoyin jini tana tura jinin sama zuwa zuciya, shi ya sa likitoci kan kira ta zuciya ta biyu. Mai wuni a zaune ya kashe wannan famfon. Hanyar karkara kuma ta fi kwalta aiki: nan tudu, nan kwari, nan yashi, nan saiwar itace ta gitta, idon sawu da gwiwa da ƙugu kowa sai ya yi nasa gyaran.

Akwai wanda zai ce, "Malam, ai sai an yi taku 10,000." Wannan adadi daga talla ya fito. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma, sunan ya bi duniya. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bi diddigin tsofaffin mata sama da 16,000, ta ga masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma ribar tana ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ta daidaita. Saboda haka a fita da kaka ma, kada a bar ta gadin gida.

Inda na fi son mu tsaya shi ne abin da tafiyar ke yi wa kai. Kun san tunanin nan da ke kama mutum yana juya shi kamar dutsen niƙa: maganar da aka faɗa maka jiya, amsar da ya kamata ka bayar ba ka bayar ba. A 2015 Gregory Bratman da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun raba mutane gida biyu. Wasu suka yi tafiyar minti 90 cikin ciyayi da itatuwa, wasu suka yi irinta a gefen babban titi mai cunkoson motoci. Waɗanda suka bi ta cikin ciyayi sun dawo wannan niƙan ya ragu, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna sashen da ke da alaƙa da shi ya lafa. Na gefen titi ba su sami haka ba, alhali tsawon lokacin ɗaya ne. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Exeter suka duba bayanan mutum kusan 20,000 a Ingila, suka ga masu yin aƙalla minti 120 a mako cikin itatuwa ko bakin ruwa ko fili sun fi cewa suna jin lafiya da natsuwa. Gaskiya ɗaya ce, binciken ya nuna ko a dunƙule aka yi awa biyun ko a rarrabe, duk ɗaya. Don lafiyar jikinka, rarraba abinka. Don iyali, ni dai na ce a dunƙule.

Ga dalilina. A gida, in za ka yi wa ɗanka magana, kiransa kake yi ya zo ya durƙusa, kana sama yana ƙasa, ka tambaya ya ce "lafiya lau", "ba komai". A hanya kuwa kafaɗa da kafaɗa kuke, kowa na kallon gabansa, ba mai tsare wani da ido. Shiru ma ba ya nauyi, don ƙafa na aiki. A irin wannan tafiyar ne, muna hawan wani tudu muna haki, ɗana ya ce mini, kamar yana magana da duwatsu, "Baba, ni fa lissafin nan ba na gane komai tun zangon da ya wuce." Wata huɗu yana ɓoye wannan maganar a cikin gida ɗaya da ni. Ban ce masa komai ba sai da muka kai saman tudun, kuma na gode wa hakin da ya hana ni saurin baki.

Wani abin kuma, a doguwar tafiya shugabanci yawo yake yi. Mai taswira ya yi jagora, can sai a bi mai idon ganin inda za a tsallake rafi, can kuma kowa ya tsaya domin ƙaramar cikinku ta tsuguna tana kallon jerin tururuwa. Da na ɗauka ɓata lokaci ne. Yanzu na san cewa saurin ayari saurin mafi ƙanƙantarsa ne, in kuwa ka ƙi, za ka ƙarasa tafiyar da goyo a wuya. Idon yaran ma yana samun rabonsa: an tabbatar zama a waje cikin hasken rana yana rage wa yara haɗarin matsalar rashin hangen nesa, har Taiwan ta sa makarantunta su riƙa fitar da yara minti 120 a kullum tun 2010.

Sai kare. Mutum yana da ƙwayoyin jin ƙamshi wajen miliyan 6 a hancinsa, wasu karnuka suna da har miliyan 300. Hanyar da kai kake gani fayau ba kowa, shi jarida ce a gabansa: zomo ya wuce nan da asuba, wani kare ya tsaya a gindin wannan itacen jiya. In ya tsaya yana shinshina, kada ka fizge igiya, karatu yake yi. Ka bi inda hancinsa ya nuna, sau da yawa za ka ga sawu a laka ko gashi a jikin ƙaya, abin da da kai kaɗai ne sai ka taka ka wuce. Kuma kare ba ya karɓar uzuri. Abokin tafiya na mutum kana iya aika masa saƙo ka ce yau ka gaji, kare kuwa zai zo ya zauna a bakin ƙofa ya zuba maka ido har kunya ta kama ka. Wani bincike na Jami'ar Liverpool a 2019 ya nuna masu kare sun fi marasa shi yiwuwar cika minti 150 ɗin nan kusan sau huɗu. Charles Darwin ma, a gidansa na Down a Ingila, yana da wata 'yar hanya mai yashi da yake zagayawa kullum yana tunani, karyarsa Polly na biye da shi. Yakan tara duwatsu a bakin hanyar, duk zagaye ɗaya ya shure guda, don kada ƙirga ta katse masa tunani.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kare amana ne a hannunka. Ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka zafin da kai za ka jure shi yana iya kashe shi. A fita da sassafe ko da la'asar, a ɗauki ruwansa daban. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba za ka iya jurewa ba, dagin ƙafarsa ma ba zai iya ba. In ka ga harshe ya zazzago sosai, yawu na dalala, yana tangaɗi, a tsaya a inuwa a jiƙa shi da ruwa nan take, sannan a nemi likitan dabbobi. Kwikwiyo da tsohon kare ba a kai su nesa. In an dawo a laluba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu saboda kaska, a duba ƙafafun yara su ma. Allurar haukan kare kuwa ba abin wasa ba ce: cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, kuma kusan dukkansu daga kare suka ɗauka.

Sannan ka tuna, inda kai ka je shan iska, wurin neman abincin wani ne. Gona ba hanya ba ce. In kun hango garke, a ɗaure kare tun daga nesa, domin tunkiya mai ciki in kare ya kore ta tana iya ɓari ko bai cije ta ba. Saniya mai ɗan maraƙi kuwa ba ta san wasa ba. In shanu suka taso muku, saki igiyar: kare ya fi ka gudu, kuma shi suke nema. A Ingila sai da aka yi gwagwarmaya kafin talaka ya sami izinin taka wasu filaye. A 1932 ɗaruruwan mutane suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan ba da izinin masu ƙasar ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu, kuma sai a 2000 aka yi dokar da ta buɗe irin waɗannan filaye. Dokar nan da kanta ta ce a riƙe kare da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa.

Na ga hannu a baya. Na'am, Hajiya?

Tana tambaya ne yaya za a san tsawon da ya dace. Akwai wani tsohon lissafi na William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na ƙarti ne, Hajiya. In da yara, ni ninkawa nake yi. Ku fara da kilomita 4 ko 5, ku zaɓi hanya mai zagayowa maimakon a je a dawo ta wuri ɗaya, don yaro ya tsani maimaita hanya. A sa wani abu a tsakiya da za a yi ɗokin kaiwa, ko rafi ko dutse ko babban itace. Kada a sa sabon takalmi ranar, a gaya wa wani a gida inda aka nufa, a kuma juyo tun rana na da sauran tsawo.

Kilomita 12 ɗin nan nawa kuwa, tun da na ga kuna son ji, ba mu yi ko rabinsu ba a ranar. A bakin wata ƙorama muka ƙare, yara na jifan ruwa da tsakuwa, karen ya shiga ya fito ya girgije jikinsa a kan uwargida. Mai gabatarwa yana nuna mini agogo, sauran tambayoyin sai mu yi su a waje, muna tafe.