Ranar 9 ga Nuwamba a Tarihin Jamus

Assalamu alaikum. To jama'a, abu huɗu zan kawo muku, duk a ƙasar Jamus, duk ranar 9 ga Nuwamba, shekarun ne kawai suka bambanta.

Na farko 1918. Yaƙin Duniya na Ɗaya na gab da ƙarewa, aka sanar Sarki Wilhelm na Biyu ya sauka daga karaga, kuma ran nan sau biyu aka yi shelar jamhuriya a Berlin, wani ɗan siyasa Scheidemann ya yi tasa, can an jima wani ɗan siyasar, Liebknecht, ya yi tasa. Na biyu 1923, Hitler ya yunƙura zai yi juyin mulki a Munich, 'yan sanda suka buɗe wuta, ya ƙare a kurkuku. Ku riƙe wannan.

Bari in tsallaka zuwa 1989, don ita ce ke raina. Lokacin Jamus a rabe take gida biyu, ta Gabas da ta Yamma, kuma Katangar Berlin da ta raba birnin tun 1961 take tsaye, shekara 28, mutane sun rasa rayukansu garin tsallake ta. To wa ya buɗe ta? Wani kakakin jam'iyyar da ke mulkin Jamus ta Gabas, Günter Schabowski, aka miƙa wa takarda. Bai zauna inda aka tsara maganar ba, ya shiga taron 'yan jarida, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Ya karanta cewa an sassauta dokar fita waje. Aka ce masa, daga yaushe? Bawan Allah ya hau jujjuya takardu, ya duba, ya sake dubawa, ya ce iya saninsa yanzu-yanzu, ba jinkiri. Yanzu-yanzu fa! Alhali sai washegari aka shirya, shi ma sai mutum ya nemi biza. Ku ɗaliban da ke baya, kun ji abin da rashin bita ke jawowa. (Dariya)

Mutane suka yi cincirindo a Bornholmer, ɗaya daga mashigan katangar. Jami'in da ke wurin, Harald Jäger, ya yi ta buga waya, manya kowa ya yi gum. Wajen ƙarfe 11:30 na dare ya ce a ɗaga shinge. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Na'am, malama?

(Tambaya: Malam, saura ɗaya, kuma duk wannan dacewa ce kawai?)

Madalla. Ta 1989 dacewa ce. Amma ta 1938 a'a. Shugabannin Nazi, jam'iyyar Hitler, sun hallara a Munich ne don tunawa da waccan ta 1923 da na ce ku riƙe, sai labari ya zo jami'in jakadancinsu da aka harba a Paris, vom Rath, ya mutu. Goebbels, ministan farfagandarsu, ya yi jawabi ya zuga su. Daren nan aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa, aka farfasa shagunansu, aka kwashe maza kusan 30,000 zuwa sansanoni. Shi ya sa da ƙasar ta haɗe a 1990 ba su ɗauki ranar faɗuwar katanga ranar biki ba, suka zaɓi 3 ga Oktoba. Akwai wata tambayar?