Wannan hararar, wa aka yi wa?

[Guntun fim: mace tana kuka, sai fuskar wata dattijuwa]

Kun saba ganin irin wannan guntun yana yawo a waya. Yarinya tana kuka tana ba da haƙuri, sai a nuno fuskar dattijuwar ta taɓe baki ta kau da kai. Nan take a yi mata ca. Wani ya ce ai wannan ya wuce wasan kwaikwayo, halinta ne ya fito. Wata ta ce ku dubi idonta, babu ɗigon imani. Har da masu jan Allah ya isa.

To, a mayar mana da shi baya, a hankali.

[A rage gudu]

Nan. Tsaya nan. Fuskar mai kuka ta ɓace, ta dattijuwar ta shigo. Wannan ɗan yankan da ko ƙiftawar ido bai kai ba, shi ne ya tara mu yau.

Sauran aikin kun san shi: a rubuta labari, a zaɓi 'yan wasa, darakta ya ce a fara, a ɗauka. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, sau da yawa kyamara ɗaya ce ake aiki da ita. Sai a saita ta a kan mai kuka, ta yi kukanta sau uku, sau biyar, har darakta ya gamsu. Daga nan a kwashe fitilu, a juya kyamara, a gyara kwalliya, sannan a ɗauki dattijuwar. Tsakani kan kai awanni, wani lokaci ma sai washegari. Mai kukan tana iya kasancewa ta tafi hutawa. Abin da dattijuwar ke kallo a lokacin, wataƙila hannun wani ma'aikaci ne da ya ɗaga a gefen kyamara, ko ɗan salatif da aka manna don idonta ya san inda zai tsaya.

[Ɗakin tacewa, allon kwamfuta]

Wanda ya haɗa kukan da hararar yana zaune a nan, mai tace fim. A gabansa akwai ɗaukan da ta taɓe baki, akwai wanda ta sunkuyar da kai, akwai wanda idonta ya ciko da ƙwalla. Shi da darakta suka zaɓi ɗaya suka jona da kukan. Kai kuma da kake kallo, zuciyarka ta ɗinke su wuri guda ba tare da ta nemi izininka ba.

Wannan sirrin ya kai shekara 100 da ganowa. Wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauko hoton fuskar jarumi Ivan Mozzhukhin, fuska sake, ba fara'a ba ɓacin rai. Ya jona ta da kwanon miya, ya sake jona ta da gawar yarinya a akwati, sannan da wata mata a kishingiɗe. Masu kallo suka yi ta yaba ƙwarewarsa: a nan sun ga yunwa, a can baƙin ciki, a ɗayan kuma sha'awa. Alhali fuskar nan guda ɗaya ce tal.

A 1964, daraktan fim Alfred Hitchcock ya gwada da tasa fuskar a wata hira ta talabijin. Murmushinsa bayan hoton uwa da jariri, sai ka ce kaka mai tausayi. Murmushin nan dai bayan hoton budurwa cikin kayan wanka, sai ka ce wannan tsoho bai san girmansa ba.

Ga kuma sauti. Kiɗa mai nauyi a ƙarƙashin fuska kan mayar da shiru ya zama mugunta. Tun shekarun 1950 gidajen talabijin na Amurka ke saka dariyar da aka naɗa a shirye-shiryen barkwanci, don ka ji ana yi kai ma ka kama.

Ni fa ina son mai kallon da fim ke taɓa wa rai. Wanda ya yi ƙwalla, wanda ya miƙe yana yi wa allo faɗa, shi ake yi wa aikin. Abin da ke min ciwo shi ne a tsallake sunan da aka ba dattijuwar a labari, a kira sunanta na yanka, a bi ta har shafinta ana zagin iyayenta, kan hararar da ta yi wa salatif.

[Fuskar dattijuwar kaɗai, babu sauti]

Yanzu ku kalla. Fuskarta ce ta ɗazu, ba mu taɓa komai a jikinta ba. Kiɗan muka cire, muka ɗauke mai kuka, muka sa ɗan jikanta yana tafe da takalmin babansa yana tangaɗi.

[Yaron, sai fuskarta]

Ku sake duban bakin nan da ta taɓe. Dariya take dannewa, ko ba haka kuka gani ba?