Me Ake Nufi da Hoton HD?

Ɗauki wayarka ka buɗe wani hoto, ka sa yatsu biyu ka yi ta faɗaɗa shi. Ka ga fuskar ta fara tarwatsewa ta koma 'yan ƙananan murabba'ai? Kowane ɗaya sunansa fiksil, kuma da su ake harhaɗa duk hoton da ke kan allon waya ko talabijin.

Abin kamar aikin hular zanna ne. Idan mai ɗinki ya sa siririn zare ya matse aikin, zanen zai fito tsaf ko da ka kawo ta dab da ido. In kuwa ya yi ɗinki gwala-gwala, tun daga nesa za ka gane. To, yawan fiksil shi ne matsin ɗinkin hoto.

Haruffan HD sun fito ne daga Turancin High Definition, wato hoto mai fitar da komai dalla-dalla. Kuma ba baki kawai ake faɗa ba, akwai ma'auni. Mafi ƙarancinsa fiksil 1280 a kwance, 720 a tsaye, shi ne 720p da kake gani a YouTube. Na gaba, 1080p, yana da 1920 sau 1080, sama da fiksil miliyan 2 ke nan. Shi kuwa 4K na talabijin, 3840 sau 2160 ne, ninki huɗu cif na 1080p. Shi ya sa yake shan data kamar ruwa.

Ga inda mutane da yawa ke shan wahala. Mai hoto ya ɗauki amarya da kyau, har adon lallen hannunta ana ƙirgawa. Aka tura ta WhatsApp, ƙawa ta ɗauki hoton allon, ta tura wa wata. Kafin ya isa wurin mai buga kalandar biki, ya zama dishi-dishi. WhatsApp yana rage fiksil ɗin hoto ne don ya rage masa nauyi, kuma fiksil ɗin da ya zube ba ya dawowa. Manhajojin da ke cewa za su gyara shi, kintace kawai suke yi su cike gurbin.

Tun 2023 WhatsApp ya sa maɓallin HD a saman hoto kafin a tura. Danna shi. Amma in bugawa za a yi, musamman babbar bana ta ratayewa, ka ce wa mai hoton ya turo maka asalin a matsayin fayil, sai ka miƙa wa mai bugu shi kai tsaye.