Fil ɗin bonet a motar gudu: dole ne ko gayu ne?

[Mota na gudu a filin tsere. Bonet ya tashi ya rufe gilashin gaba.]

Ku sake kallo a hankali. Daƙiƙa ɗaya da ta wuce direban nan yana ganin hanya sarai. Yanzu ba abin da ke gabansa sai fenti. Ni da nake kallo daga kan kujera ma sai da gabana ya faɗi.

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da irin waɗannan hotuna suka fara yawo ake ta yi min tambaya ɗaya: ƙarafan nan biyu da ke leƙowa a saman bonet ɗin motocin gudu, dole ne ko gayu ne? Wasu sun ce duk motar da injinta ya yi ƙarfi sai an sa mata. Wasu sun ce kwalliyar samari ce kawai. Dukansu sun tsallake wuri guda, kuma a wurin nan za mu daɗe yau.

Fil ɗin dai ga shi. Sandar ƙarfe ce mai kaurin ɗan yatsa, an ɗaure gindinta da noti a jikin ƙarfen da ke riƙe lagireto. A huda bonet, kanta ya ɓullo ta sama, a soka maƙali ta ramin. 'Yar wayar nan kuma don kada maƙalin ya faɗi ya ɓace. Shi ke nan.

[Tsofaffin motocin Amurka, ɗaya bayan ɗaya.]

Daga filin tsere abin ya fito. Da kamfanonin Amurka suka ga samari na sonsa, sai suka fara fito da motocin titi da shi: Shelby GT350 ta 1965, Mustang Mach 1 ta 1969. A shekarar 1969 ɗin dai, Dodge Super Bee da Plymouth Road Runner samfurin A12 suka zo da bonet na faiba, wato zare da aka daskarar da gam maimakon ƙarfe, wanda ko hinji ba shi da shi. Fil huɗu ne ke riƙe da shi. In za a duba mai, sai mutum biyu su ɗauke shi ɗungurungum su ajiye gefe. Ku riƙe kalmar nan, faiba, za mu dawo kanta.

Yanzu ga Dodge Challenger Hellcat ta 2015. Ƙarfin doki 707, gudunta ya kusa kilomita 320 a awa. Ku dubi bonet ɗinta yadda ta fito daga kamfani. Ba fil. Ga Porsche 911 GT3, ita ma ta haura 300, murfin gabanta sumul. Da ƙarfin inji ne ma'auni, ai da waɗannan ne za a fara huda wa.

Abin da ke son ɗaga bonet iska ce, kuma ta wuri biyu take zuwa. Wadda ta shiga ta hancin mota ta ratsa lagireto, ta cunkushe a ɗakin inji tana turawa sama. Wadda ta bi ta kan leɓen bonet kuma tana wucewa da sauri tana tsotsarsa. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, duk a baki guda. Kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin iskar ninkawa huɗu yake yi. Allo mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, in ya fuskanci iska a gudun kilomita 100, nauyin da zai ji ya kai kimanin kilo 50, buhun siminti guda ke nan. A 200 kuwa, buhu huɗu. Muddin bonet na kwance, kaɗan daga wannan ƙarfi yake sha. Da zarar bakinsa ya ɗaga iska ta samu mashiga, ya zama allon nan.

[Bonet biyu a kife a kan tayoyi, cikinsu na kallon sama.]

To, ku matso kusa. Nan ne maganar take.

Wannan na dama na kamfani ne, na ƙarfe. Kun ga wannan ɗan zoben mai kama da kofaton doki? Shi makulli ke cafkewa in ka ji bonet ya ce ƙas. Ku dubi inda yake zaune. An ɗaure shi a jikin ƙarfe mai ninki, an ƙara masa faranti ta ciki. In za ka fizge zoben nan, sai dai ka yage bonet ɗin gaba ɗaya. Bayan makullin kuma akwai ƙugiya ta biyu, wadda kake laluba da yatsa kafin bonet ya buɗe. Ba don a wahalar da kai aka sa ta ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta mariƙi na biyu ga duk bonet ɗin da zai iya tare wa direba gani in ya buɗe.

Yanzu ga na hagu. Na kasuwa ne, na kabon faiba, irin wanda masu son rage wa mota nauyi ke saye. Da hannu ɗaya na ɗaga shi, kuma gaskiya yana da kyau, ba na musu. Amma ku dubi zobensa. Zoben ƙarfe ne, sai dai abin da ke riƙe da shi faiba ne, da gam, da 'yan ƙusoshin da ake kira ribit. Bari in haska fitila. Kun ga waɗannan siraran layuka kamar gashi a kewayen ribit ɗin? Tsagewa ce ta fara. Zafin inji kullum yana gasa gam ɗin. Kowane rami a titi yana jijjiga shi. Kowane rufe bonet da ƙarfi yana ƙara masa. Ƙarfe in ya gaji yakan lanƙwashe, ka gani da ido ka gyara. Faiba ba ya ba da sanarwa, ɓallewa yake yi farat ɗaya.

Ga kuma abin da ya fi tayar min da hankali. A motoci da yawa, makullin farko da ƙugiya ta biyu duk zobe ɗaya suke kamawa. In zoben ya tsinke daga jikin bonet, makulli na nan a kulle, ƙugiya na nan lafiya lau, suna rungume da zoben, bonet kuwa ya yi sama. An ɗaure akuya da igiya biyu, amma a turke ɗaya.

Aikin fil shi ne ya zama turke na daban. Ba ruwansa da zoben. Ya ratsa bonet ɗin kansa ya danne shi ta sama, a gefe biyu, inda bonet marar nauyi yake kaɗawa in ana gudu. Shi ya sa da yawa daga masu ƙera bonet na faiba da kansu suke rubutawa cewa a sa fil. Ni a wurina, bonet na faiba ba tare da fil ba, ko a cikin gari ban yarda da shi ba.

Sauran da sauri. In za ka shiga gasa, ba ra'ayinka ake tambaya ba. Dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ga motocin tseren rali ta ce a ƙara aƙalla mariƙi biyu, a kuma kashe makullin kamfani ko a cire shi, don in wuta ta kama masu ceto su iya buɗewa daga waje. In kuwa motarka na da bonet ɗinta na asali, ba ta taɓa cin karo ba, makulli na aiki, kada ka huda ta. Ramin da ka yi ƙofar ruwa da tsatsa ce, kuma ƙarfe mai tsini a gaban mota haɗari ne ga mai tafiya a ƙasa. Mai son sa dole, akwai irin na kamfanin AeroCatch da ke kwanciya daidai da fatar bonet. Na manne-manne da gam kuwa, wanda ba ya ratsa komai, ba abin da yake riƙewa.

Makullin kamfani ma yana son kulawa. A 2020 Nissan ta nemi a dawo da motocin Altima kimanin miliyan 1.8 a Amurka don gyara, na shekarun 2013 zuwa 2018, saboda tsatsa na iya maƙale ƙugiya ta biyu a buɗe. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Motoci nawa ne a titunanmu aka taɓa bugawa ta gaba, mai gyaran bodi ya miƙe, makulli bai koma daidai ba, aka ɗaure da waya ko roba aka hau babban titi? Ɗan'uwa, wannan ba fil take nema ba tukuna, makulli sabo take nema. Ƙurar hunturu ma tana daskarar da ƙugiya. A wanke, a shafa giris, a tura ta da yatsa a ga ta dawo da kanta.

[Hannu na soka maƙali a fil na dama, sannan na hagu.]

Wanda ya sa fil a motar titi kuma, ina roƙonsa ya bar makullin kamfani a wurinsa. Ranar da aka duba mai a gareji aka sauke bonet, aka manta maƙalan nan biyu suna reto a jikin wayarsu, makullin ne kaɗai zai rage. In kuma Allah ya kawo tsautsayi bonet ya tashi kana tafiya, kada ka taka birki da ƙarfi, na bayanka bai san abin da ke faruwa ba. Riƙe sitiyari sosai, sunkuya ka leƙa ta 'yar tazarar da ke ƙasan bonet ko ta tagar gefe, kunna fitilun haɗari, ka rage gudu sannu a hankali har ka gangara gefen hanya.