Katangar Detroit a ajin koyon rubutu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yanzu na fito daga aji, ga ni cikin mota, sanyin jihar Michigan ta Amurka kuwa ba a cewa komai. Rubutu nake koya wa 'yan shekarar farko a wata jami'a, kuma yau zancen launin fata muka yi.

Ni fa sai da na zo Amurka na zama "baƙar fata". A gida Bakano ne ni, ɗan unguwa kaza, jikan wane. Shi ya sa nake taka zancen nan a hankali.

Shekarar da na fara, tambayarsu na yi kai tsaye me suke gani game da wariyar launin fata. Aji ya yi tsit, idanu suka koma kan yarinya baƙar fata ɗaya tilo da ke cikinsu. Har yau abin yana damuna. Karatu ta zo yi, ba wakilcin miliyoyin mutane ba.

Yanzu da hujja nake farawa. Na nuna musu hoton wata katanga a birnin Detroit da ke nan Michigan, kusa da titin Eight Mile. A 1941 aka gina ta, tsayinta ƙafa 6, tsawonta kusan rabin mil. Mai gina gidajen Turawa ne ya yi ta don ta raba su da unguwar baƙaƙe, domin sai da haka hukumar gidaje ta tarayya za ta yarda ta tsaya wa rancen gidajen. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje. Katangar tana nan har gobe.

Ban bari kowa ya yi magana ba. Na ce kowa ya ɗauki biro, minti 10, ya rubuta abin da ya gani da tambayar da ta taso masa, ba tare da suna ba. Na tattara, na cakuɗa, na raba, kowa ya karanta ta wani. Mai jin kunya ya samu baki, mai zafin kai kuma dole ya saurara.

Ƙa'idata ɗaya ce: jimla ake kamawa, ba mai ita ba. Wani ya rubuta cewa abin ya wuce tuntuni. Ban yi masa faɗa ba, muka tambayi jimlar: ina hujjarki? Idan an hana kaka rancen gida, me jika zai gada? Aikin mako mai zuwa ke nan, shafi 3.

Bari in tayar da mota, la'asar ta kusa. Sai mun haɗu.