Sharhi: Inda ambaliyar Kogin Kaduna ke yada zango

Jama'a masu sauraro, duk daminar da Kogin Kaduna ya cika ya batse har ya shiga gidajen Kigo Road, lissafinmu gidaje ne da gonaki. To amma ruwan ba nan yake kwana ba. Yana gangarawa ya haɗe da Kogin Neja daura da Pategi, ya ratsa Lokoja, ya zube a Tekun Atlantika, ɗauke da laka da takin zamani da ƙazantar masai.

Can kuwa akwai masu gida, ƙananan halittun da ido ba ya gani. Cokalin shayi ɗaya na ruwan teku na ɗauke da bakteriya wajen miliyan 5, ga kuma ƙananan tsirran da ke ciyar da 'ya'yan kifi.

Abin da ambaliya ke fara taɓawa shi ne gishiri. Lita ɗaya ta ruwan teku tana da gishiri kimanin giram 35. Ruwan kogi bai kai shi nauyi ba, sai ya kwanta a samansa kamar mai a kan miya. A 2017, bayan ambaliyar da guguwar Harvey ta kawo, gishirin ruwan tekun da ke gaɓar Galveston a Amurka ya kusa ƙarewa, bakteriyar teku suka ja baya, na kogi da na turɓaya suka maye gurbinsu na ɗan lokaci.

Sai takin ya fara nasa aikin. Tsirran nan su samu abinci, su yi ta hayayyafa har ruwa ya koma kore. In sun mutu su nutse, bakteriya su hau ruɓar da su suna zuƙe iskar oksijin, murfin ruwan daɗin da ke sama kuma ya hana sabuwar iska sauka. Da zarar oksijin ya yi ƙasa da miligiram 2 a lita, kifi ya gudu, abin da ba ya iya gudu ya mutu a wurin.

Wani hanin ga Allah baiwa ne ga ƙwayar Vibrio vulnificus, wata bakteriya mai sa mutane cuta, domin ita ruwa mai ɗumi mai ɗan gishiri take so. A 2022, shekarar da guguwar Ian ta kawo ambaliya, jihar Florida ta Amurka ta samu mutum 74 da suka kamu, 17 suka rasu. Ta rauni take shiga jiki, ko ta ɗanyen naman teku, ta fi kuma yi wa mai ciwon hanta ko ciwon suga illa.

'Yan'uwanmu masu neman abinci a bakin ruwan Legas da Warri da Fatakwal, kada mai rauni ya shiga ruwan bayan ambaliya. In ya taɓa shi, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take. Jatan lande a dafa shi ya dahu sosai. Ƙafa kuwa in ta kumbura, ta yi bororo, ga zazzaɓi, a ranar za a tafi asibiti, domin cutar kan iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.